Amsa ga mai tambaya kan harbin bindigar toka da haɗa albarushi a gida

Ɗan'uwa, ka ce ka ga Turawa na gasar saiti da bindigar ɗure irin ta maharbanmu, kana so ka san ko su ke haɗa albarushinsu, kai ma ka gwada.

Gasar kam gaskiya ce. A garin Friendship na jihar Indiana a Amurka akwai ƙungiyar masu wannan harbi da aka kafa a 1933, har yau suna taruwa. Amma yawancinsu sayen albarushi suke daga kamfani, an tace shi gwargwadon girman ƙwaya: mai kauri na manyan bindigogi, mai laushi na ƙanana. Saiti ba ya yiwuwa sai kowane ɗuri ya zo daidai da na baya, na gida kuwa yau ƙarfi, gobe sanyi.

Batun dakawa a gida, don Allah rufa wa kanka asiri. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ni na san wani tsohon maharbi a ƙauyenmu, yatsu uku gare shi a hannun dama, kuma a turmi ya bar sauran. Ga hukuma kuma: a Najeriya ko bindigar toka sai da lasisin 'yan sanda.

In ka samu izini, ka riƙe wannan: kada ka taɓa ɗura hodar harsashin zamani, bututun zai tarwatse. Kada ka zuba kai tsaye daga gora, auna a mazubi tukuna, don wuta kan maƙale a ciki. In ka ja kunama ba ta tashi ba, dakata, kada ka leƙa bakinta. Ka wanke ta da ruwan zafi ranar, ka shafa mai, tokar nan tsatsa take jawowa.