Filin Tambaya da Amsa: Me Ake Bincika a Ilimin Sadarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatun sadarwa a Jami'ar Bayero. A sanina aikin rediyo baiwa ce, mai murya da iya zance shi ke yi. To me za a koya masa har shekara huɗu, kuma me ake bincika a ciki da har wasu ke zama farfesoshi? Daga wani uba, Roni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Riƙe makirfo da rubuta labari ɓangare ɗaya ne kawai. Ɗaya ɓangaren shi ne gano inda saƙo ke bi bayan ya bar bakin mai shi, da abin da yake haifarwa. A 1948 wani masani Ba'amurke, Harold Lasswell, ya tsara fannin cikin tambayoyi biyar: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, da wane sakamako. Ta ƙarshen ce mai wuya, kuma ita ce ke cinye shekarun masu bincike.

A zaɓen Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun riƙa komawa wajen mutane iri ɗaya a wata gunduma ta jihar Ohayo, suna tsammanin rediyo da jarida ne ke juya ra'ayi. Sai suka tarar mutum ya fi ɗaukar magana daga wanda ya yarda da shi, wanda shi ne ya fara ji a kafar labarai ya kawo. Mu nan mun gani da idonmu: daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Ba sanarwa ce ta yi ƙaranci ba, amana ce ta ɓace, kuma sai da sarakuna da malamai suka shigo ciki aikin ya daidaita. Gane irin wannan tun kafin ɓarna ta auku shi ake koya wa ɗanka.

Fannin ya daɗe a ƙasar nan. An fara koyar da aikin jarida a Jami'ar Nsukka a 1961, sashen Bayero ya fara a 1978, a 2020 kuma hukumar kula da jami'o'i ta sanar da raba kwas ɗin gida bakwai, ciki har da sadarwa don raya al'umma, wadda ta fi shafar karkara.

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe, kundina a kan tasirin shirin noma na rediyo ga manoman ƙaramar hukumarmu. Mai duba aikina ya ce in tambayi mutum 384. Daga ina wannan adadin ya fito, kuma zan iya raba takardun tambayoyin a ranar kasuwa in huta? Daga wata ɗaliba, Birnin Kudu.

Amsa: 'Yata, 384 lissafi ne: idan jama'a na da yawa, kina son tabbacin kashi 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, adadin da ke fitowa ke nan. Amma yana da sharaɗi, wato kowane manomi ya zama yana da damar faɗowa cikin waɗanda za a tambaya. Kasuwa tana karya wannan sharaɗin. Ki dubi Maigatari ranar Alhamis: 'yan tireda, dillalai, baƙi daga Nijar. Tsoho marar ƙarfi da matar aure da ke cikin gida ba sa wurin, ga shi su ne suka fi zama kusa da rediyo.

Ki rubuta sunayen mazaɓu a 'yan takardu, ki nannaɗe, wani ya ɗauko huɗu. A kowace ki zaɓi ƙauyuka uku ta wannan hanyar. Ƙauye 12, mutum 35 a kowane, ya ba ki 420, rarar kuma ta takardun da za su lalace ce. In kin shiga ƙauye ki fara da gidan dagaci, da wasiƙar sashenku a hannu. Sai ki tsaya a wuri sananne, kamar masallacin Juma'a, ki riƙa shiga kowane gida na biyar. Kada ki bar ɗan rakiyar da aka haɗa ki da shi ya zaɓa miki gidaje, domin gidajen 'yan uwansa da na masu baki zai kai ki.

Yawanci takardar ba a hannu za ki ba su ba, karantawa za ki yi ki cike da kanki. Don haka ki mayar da ita Hausa, ki ba wani da bai ga ta Turancin ba ya sake mayar da ita Turanci. Inda biyun suka saɓa, nan gyara yake. Sannan ki gwada ta kan mutum 20 zuwa 30 a ƙauyen da ba ya cikin zaɓinki.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne sigar tambaya. In kika ce "Baba, kana jin shirin noma?" zai ce yana ji, don kara, ba don ƙarya ba. Ki tambaye shi ranar da ake sa shirin, da abin da aka tattauna a na ƙarshe da ya ji. Wanda ke saurare zai faɗa, wanda ba ya yi zai yi ta kame-kame. Ki tambaya har da waya, domin da yawa a rediyon wayarsu suke ji, kuma za su ce miki ba su da rediyo. Tun a gaisuwa ki bayyana cewa ba rajistar taki ko tallafi kike yi ba, in ba haka ba kowa zai rage gonarsa ya ƙara talaucinsa. Ki nemi yardar mutum kafin ki naɗi muryarsa, kuma kada ki rubuta suna.

Lokaci ma yana shiga sakamako. Da damina sai bayan la'asar ake samun maza a gida. Da rani samari sun tafi ci-rani, sai ki kwaso ra'ayin dattawa zalla. Abu na ƙarshe: in kin ga masu jin shirin sun fi amfani da sabon iri, kada ki yi saurin cewa shirin ne. Ƙila su ne masu manyan gonaki da kuɗin saye. Ki sa tambayar girman gona, da shekaru, da ko malamin gona na zuwa musu, ki kwatanta masu hali iri ɗaya.

Tambaya: Ni malamin gona ne. An yi ta sanarwar buhun adana wake mai ninki uku, kowa ya ji, amma kaɗan ke saye. Ina matsalar take? Daga Ɗambatta.

Amsa: Malam, ji daban, yarda daban. Binciken Ryan da Gross na 1943 kan sabon irin masara a jihar Ayowa ya nuna manoma sun fi fara jin labari daga 'yan talla, amma maƙwabta ne ke sa su shuka. Everett Rogers a 1962 ya ƙiyasta masu fara gwada sabon abu da kashi 2.5 cikin 100 kacal, masu bi musu baya kashi 13.5. Waɗannan na biyun za ka nema, mutanen da ake zuwa wurinsu shawara. A gaban jama'a a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, a ajiye na buhun gargajiya kusa da shi ba tare da magani ba. Bayan wata huɗu zuwa shida a kwance su ranar da aka yi shela. Kafin ranar ka tabbatar akwai mai sayar da buhun a kasuwar da suke ci, ka kuma faɗi farashinsa a wurin.