Daga ina Japanawa suka samo kalmar "mishin"?

Malama, kin ce kin ji Japanawa na kiran keken ɗinki "mishin", kina tambaya ko kalmar tasu ce ta gado. A'a, aro ce daga Turanci. Sunan keken a Turance "sewing machine" ne, sai suka yar da rabin farko suka riƙe na biyun.

Abin da ya sa ta fito "mishin" shi ne da kunne aka aro ta, ba daga takarda ba. Bature ba ya jan gaɓar farko ta kalmar, yana ɗan haɗiye ta ne ya danna ta biyun, kunnen Bajapane kuwa ya ji "mi". Keken ya shiga ƙasar ne a tsakiyar ƙarni na 19, bayan jiragen ruwan Amurka sun tilasta wa Japan buɗe tashoshinta a 1854. Daga baya suka sake aro kalmar a matsayin "mashin", suna nufin na'ura gaba ɗaya, amma "mishin" ta tsaya a kan ɗinki kaɗai. Dukansu da katakana ake rubuta su, baƙaƙen da aka fi rubuta kalmomin aro da su.

Abin dariya, mu ma kalmar muka ara, muka ɗora wa babur. Idan kika ce wa Bakano "mashin", hankalinsa kan ɗan acaɓa zai tafi. Ki kuma duba kan keken telanku, ba mamaki ki ga Juki ko Brother, duk kamfanonin Japan ne. Brother ma da shagon gyaran keken ɗinki ya fara a Nagoya a 1908.