Da gaske ake yanka mutum a wasan siddabaru na talabijin?

Malam, ka tambaya ko masu raba mace biyu da zarto a talabijin aljanu ke yi musu aiki. A'a, rufa-ido ne, kuma tsohon yayi. Wani mai siddabaru, P.T. Selbit, shi ne ya fara nuna shi a Landan a 1921. A wani salon mata biyu ake ɓoyewa, kai na wannan, ƙafafu na waccan. A wani kuma teburin ya fi yadda ido ke gani kauri, sai matar ta naɗe a ciki. Jinin kuwa launi ne kawai.

Talabijin ma sauƙi ya ƙara musu, don kyamara inda aka nufa da ita kaɗai take nuna maka. A 1956 ɗan Indiya P.C. Sorcar ya "yanka" mataimakiyarsa a shirin Panorama na BBC, shirin ya ƙare ba ta tashi ba, jama'a suka yi ta buga waya hankali tashe. Ashe lafiyarta ƙalau.

Sai dai haɗarin ba na wasa ba ne. Wani mai siddabaru, Chung Ling Soo, ya mutu a Landan a 1918, bayan bindigar wasansa na cafe harsashi ta samu matsala, harsashin gaske ya same shi a ƙirji.