Bashin banki a Jidda, bashin ɗalibai a Najeriya, ko koyon sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Najeriya ne mazaunin Jidda, ina aiki a wani kamfani da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Babban ɗana ya gama sakandare a nan, bai samu gurbin karatu kyauta ba, kuɗin jami'o'i masu zaman kansu kuma ya fi ƙarfina. Banki ya ce zai ba ni rance a kan albashina. 'Yan uwa suna cewa in tura shi gida ya nemi bashin ɗalibai na gwamnati, ni kuwa ban yarda da abin da ya ratsa hannun 'yan siyasa ba. Wanne ya fi, ko kuwa ya haƙura da jami'a ya koyi sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka. Shawarata ita ce kada ka sa hannu a takardar banki sai ka san ƙasar da yaron zai yi aiki da digirin, domin a nan Saudiyya abokan karatunsa 'yan ƙasa suna shiga jami'ar gwamnati kyauta har da alawus na wata-wata, kuma idan an gama su doka take fifitawa wajen ɗaukar aiki. Tun daga shekarar 2011 da aka fara tsarin Nitaƙat ake ƙara yawan guraben da dole kamfanoni su bai wa 'yan ƙasa, abin ya kai ga aikin akanta da injiniyanci da harhaɗa magunguna, wasu ayyukan ofis ma kamar kula da ma'aikata an keɓe su gaba ɗaya. Mai iƙama da ya ci bashi ya karanta irin waɗannan fannoni yana iya gamawa ya tarar ƙofar ta ƙara tsukewa, alhali banki ba ya jira.

Rancen da aka yi maka tayi ba bashin karatu ba ne, bashi ne a wuyanka kai. Galibi ta hanyar tawarruƙ ake bayarwa, wato da riba a sama ko da ba a kira ta kuɗin ruwa ba, ana fara cirewa daga albashi nan take, kuma cirewar tana iya kaiwa kashi ɗaya cikin uku. Idan aiki ya ƙare kafin bashin ya ƙare, sau da yawa banki yakan riƙe haƙƙin sallama, idan kuma magana ta kai kotu ana iya hana mutum fita daga ƙasar. Ka haɗa wannan da riyal 400 da ake biya duk wata a kan kowane ɗan gida da ke ƙarƙashin iƙamarka. Amurka ta isa misali: ɗalibai da iyaye sama da miliyan 40 na ɗauke da bashin da ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma lokacin da Shugaba Biden ya yi yunƙurin yafe wani ɓangare, Kotun Ƙoli ta soke shirin a watan Yunin 2023. A can ma waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka ci bashi suka shiga makarantun kuɗi marasa inganci, ko suka bar karatu ba su gama ba.

Kafin komai, ya sake neman tallafin karatu na cikin gida da ake bai wa 'ya'yan mazauna ta shafin hukuma na "Udrus fis Sa'udiyya", kada kuma ya tsaya kan jami'a ɗaya. Mutane da yawa ba su san cewa Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, yanzu tana da tsangayar injiniyanci da ta kwamfuta ba.

Game da bashin Najeriya, tsoronka yana da tushe, amma sharuɗɗansa sun fi na banki sauƙi nesa ba kusa ba. Asusun NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ba ya ɗora kuɗin ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati, yana bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, da kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ana buƙatar gurbi ta hannun JAMB, da lambar NIN da BVN. Inda rashin gaskiya yake shigowa shi ne tsakanin asusun da ɗalibi: a 2025 hukumar ICPC ta buɗe bincike bayan zargin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, suka ci gaba da neman su biya. Maganin wannan shi ne yaron ya riƙa duba shafinsa da kansa, ya adana kowace rasit. Tarihi ma yana sa mutum taka-tsantsan, domin hukumar bashin ɗalibai da aka kafa a 1972 ta durƙushe ne saboda yawancin waɗanda suka karɓa ba su mayar ba. A ganina babbar asarar da siyasa take jawo wa ɗalibi a gida ta lokaci ce, kamar yajin aikin ASUU na 2022 da ya rufe jami'o'i wata takwas, sai kuma sayar da guraben aikin gwamnati da kowa ya san labarinsa.

Sana'a kuwa ba koma-baya ba ce, sai dai a nan ita ma tana da shinge. Sayar da wayar hannu da gyaranta, wanda matasanmu suke sha'awa, an mayar da shi na 'yan ƙasa zalla tun 2016. Buɗe shago da sunan Basa'udiye alhali kai ne mai shi, wato tasattur, laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, don haka kada wani ya ruɗe ku da wannan dabarar. Abin da ya fi dacewa shi ne sana'ar da ake nema a ƙasashen biyu: gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, aikin lantarki da haɗa wutar sola, walda, ko harhaɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta. Ya koya a cibiyar da ke da lasisin hukumar horar da fasaha da sana'o'i ta ƙasar, ka ga lasisin da idonka kafin ka biya ko sisi, saboda takardar da hukuma ba ta sani ba ba za ta taimaka ba ranar da za a mayar da iƙamarsa hannun kamfani.

Da ni ne, zan bar rancen banki, ya nemi tallafin karatu na Saudiyya a zagaye na gaba, a tsakani ya yi difloma ta sana'a da kuɗin da aljihunka zai ɗauka. Idan tallafin bai samu ba kuma zuciyarsa na kan digiri, sai ya rubuta JAMB ya tafi gida da sana'arsa a hannu, wadda za ta riƙe shi a duk lokacin da alawus ɗin asusun ya yi jinkiri.