Dalma a hantar rago: abin da wuƙa ba ta nunawa

Ka ce ka ji a rediyo ana maganar gubar dalma a naman tumaki, kana so in nuna maka yadda ake gane ta in an feɗe. To, yaro, ajiye wuƙar nan ka zauna, don wannan ba a kan teburin fawa ake gane ta ba.

Hanta mai tsutsa, in ka tsaga za ka ga jijiyoyinta sun yi tauri. Huhu mai ƙurji hannunka zai gaya maka. Dalma kuwa ba ta da wari, ba ta sauya launin nama. Sai ka ga hanta ja jawur, sumul, alhali tana ɗauke da ita. Ko likitan dabbobi da ke buga hatimi a mayanka da ido yake dubawa. Wannan sai an kai ɗakin gwaji.

Saboda haka tambaya ita ce, a ina ragon ya ci? Balami ko uda da ya taso a daji wajen Tanut ko Gure a Nijar, yana cin ciyawa da harawa, ba shi nake tsoro ba. Wanda nake kallo sau biyu shi ne na cikin gari, wanda aka sake yana yawo a juji da bakin garaji. Can ake fasa tsohon batirin mota a watsar da cikinsa, can ake ƙona tarkacen waya, can tsohon fenti ke ɓarewa. Duk waɗannan akwai dalma a cikinsu, dabba kuma tana son lasa. In ta lasa, dalmar ta shiga jini, sai ta taru a hanta da ƙoda, ta daɗe a ƙashi. Tsoka ita ce mai ɗaukar kaɗan. Ka ga ke nan abin da muka fi kwaɗayi ranar layya, wanda ake fara gasawa a miƙa wa yara, shi ya fi ɗauka.

Yaran ne abin ji. Hukumar lafiya ta duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na shan dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mai ciki ma tana miƙa wa ɗan da ke cikinta. A 2010 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Ƙura ce ta kashe su, ba nama ba, kar ka je kana faɗin abin da ban faɗa ba. Amma ƙasar da yaro ke rarrafe a kai ita tunkiya ke lasa.

Kar wani ya ruɗe ka wai wuta na kashe dalma. Ƙarfe ce, ba ƙwayar cuta ba. Ka gasa balangu har ya ƙone, ka shanya kilishi a rana, ka zuba yaji da ƙuli, tana nan.

Dabbar da ta sha dalma da yawa takan nuna da ranta: tana cizon haƙora, miyau na zuba, tana kewaya wuri ɗaya ko dafa kai a bango, wani lokaci ta makance. Irin wannan ce dillali zai kawo maka da yamma da araha, ya ce a yi maza a yanka kafin ta mutu. Ko kyauta ce ba na karɓa. Ka ce ya kai wa likitan dabbobi. In ragon turke ne lafiyayye amma mai shi bakanike ne ko mai gyaran batir, ka tambaya ko a wurin aikin ake ɗaure shi. In nan ne, hanta da ƙoda ba sa hawa teburina, kuma ba a bai wa almajirai sadakarsu, a binne.

Sannan batirin sola da ya mutu a bayan rumfarmu, inda muke ɗaure na yankan gobe, tun jiya na ga ya tsage. Ɗauke shi yanzu, ka kankare ƙasar wurin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa nama.