Tambaya da Amsa: Mun yi rajistar ƙungiya a CAC, amma manaja ya ce bai san da zamanmu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa da ke Kano, mun kai mu tamanin, yawancinmu kashuwal ne. Mun yi karo-karo mun ba wani ejan ya yi mana rajistar ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, satifiket ya fito. Da muka kai wa manaja kukanmu kan kuɗin obataim sai ya ce bai san da zamanmu ba, kuma duk wanda ya sake tara mutane a bakin get to a bakin aikinsa. Yanzu samari sun ce ran Litinin yajin aiki. Wallahi tsoro nake ji, ina da iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah ka je ka tare samarin nan, kar kowa ya ajiye aiki ran Litinin.

Wannan takarda ta CAC ita ce ciwon kan da kullum ake kawo min daga Bompai, Chalawa da Sharaɗa, har na gaji da maimaitawa. CAC kamfanoni take yi wa rajista da ƙungiyoyi irin na taimakon juna, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai. Ba ta da hurumin yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista, wannan aikin magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma sai da amincewar minista. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗinku ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani ya yi gum don ya ci rabonsa, ni na biyun na fi zato, don irinsu ba sa taɓa cewa "wannan ba aikina ba ne" in dai sun ga kuɗi. Da satifiket ɗin nan kuna iya yin adashi, ku kai gudummawar biki ko suna, amma ba za ku zauna teburin ciniki da kamfani kan albashi ba, kuma in kuka yi yaji da sunanta ba wanda zai tsaya muku, ranakun da ba ku yi aiki ba doka ta ba mai kamfani dama ya hana ku kuɗinsu, ga kora ta biyo baya, ejan kuwa wayarsa a kashe za ku same ta.

Wani zai ce to mu nufi Abuja tunda mun haura mutum 50 da doka ta nema. Ɓata lokaci ne. Tun garambawul ɗin 1978 da aka dunƙule ƙungiyoyi zuwa 42 aka kafa NLC, wato uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, tsarin ya koma na masana'antu, in akwai ƙungiyar da ke wakiltar irin aikinku ba za a yi wa wata sabuwa rajista ba. Ku kuma akwai taku, ta ma'aikatan sinadarai, roba, fata da takalma. Reshenta za ku buɗe a kamfaninku.

Batun kashuwal kuma kar ya tsorata ka, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 kowa ya ba 'yancin shiga ƙungiya, bai ware mai takardar dindindin ba. Sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ya hana a kori ma'aikaci saboda ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ko don ya yi harkarta ba a lokacin aiki ba. Ka lura da wannan na ƙarshen, shi ya sa taron bakin get ana tsakar shif ba dabara ba ce.

Ku wakilta mutum biyu ko uku masu sanyin kai su je ofishin NLC na jiha a haɗa su da jami'an ƙungiyar, kowa ya cike fom da hannunsa ba tilas, ƙungiyar ce za ta rubuta wa kamfani. Ku adana katin aiki da alat na albashi, in aka kori wani da su za a tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano.