Gobarar daji: mu shiga kwamitin haɗin gwiwa, ko mu tsaya kan doka da tara?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye na jihar Bauchi da ke gefen gandun daji na gwamnati. Duk shekara, daga kaka har bazara, wuta ba ta barinmu. Bara ta cinye dammunan dawa da ba a riga an kwashe ba, ta babbake kaɗanya da ɗorawa, makiyaya suka rasa ciyawa suka faɗa wa harawarmu, har aka kusa zubar da jini. Yanzu wata ƙungiya ta zo da tallafi, tana so mu kafa kwamiti tare da makiyaya da ma'aikatan gandun daji. Wasu dattawanmu sun ce ɓata lokaci ne, a kafa doka kawai, duk wanda ya cinna wuta a kai shi gaban alƙali. Malam, wanne ya fi? In kuma za mu shiga, me za mu nema?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba. Shawarata ku shiga, amma kada ku sa hannu sai an yarda cewa kwamitin yana da ikon yanke hukunci a kan lokacin da za a saka wuta, da wurin da za a saka ta, da wanda zai amfana da abin da aka tsirar. Kwamitin da aikinsa kawai gudu da ganye a hannu idan wuta ta tashi, ranar da kuɗin tallafi ya ƙare ranar zai watse.

Fushin dattawanku yana da dalili, sai dai an riga an gwada maganarsu. A 1983 fari da gobarar daji sun haɗu a kan Ghana, gonakin abinci da na koko suka ƙone, aka shiga yunwa. Gwamnati ta yi dokar hana ƙona daji a wannan shekarar. Zuwa 1990 sai da ta maye gurbinta da wata, wadda ta tanadi kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka, domin an ga barazanar ɗauri kaɗai ba ta hana wuta. A Mali, gwamnatin Musa Traore ta haramta ƙona daji kwata-kwata a shekarun 1980, har ana cin tarar ƙauye ɗungurungum idan ba a gano mai laifi ba. Mutane ba su daina ba. Sun koma yi a ɓoye, suka kuma ƙullaci ma'aikatan daji. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1991, dokar 1995 ta halatta wutar farkon rani. Mu ma nan Najeriya muna da doka: hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin ƙona daji tun 2011, jihohi da dama suna da nasu. Ka tambayi kanka mutum nawa ka taɓa gani an hukunta a yankinku. Wuta ba ta barin shaida, kuma maƙwabci ba ya tona asirin maƙwabci a kan abin da shi ma yana yi.

Hausawa suka ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Makiyayi yana ƙona busasshiyar gamba ne don ta yi sabon toho shanu su samu ɗanye a tsakiyar rani, kaska kuma ta ragu. Maharbi da yara masu farautar burgu da zomo suna son fili ya buɗe. Mai cin zuma yana hawa da wuta don ya kori ƙudan zuma. Manomi yana sharar gona. Ga mai gawayi, ga mai yar da guntun taba a bakin hanya. In ka cire na ƙarshen nan, kowannensu abinci yake nema. Duk tsarin da bai ba shi wata hanya ta samun wannan abincin ba, zai ce to a gaban hakimi, ya je ya cinna da dare.

Akwai abin da ya kamata ka kai wa dattawan, domin shi ne ginshiƙin maganar: wutar Nuwamba da wutar Maris ba ɗaya ba ne. A 1936 wani masanin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya ware filaye uku a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa. Ɗaya ba a saka masa wuta ko kaɗan, ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani. An ci gaba da haka shekaru sittin da ɗoriya. Filin da aka kare ya zama kurmi. Na wutar farko ya riƙe itatuwansa. Na wutar ƙarshe ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu jure ƙuna. An yi irin wannan gwaji a gandun dajin Olokemeji da ke jihar Ogun tun 1929, sakamakon ya zo iri ɗaya.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san daji. Da ɗaukewar ruwa, ciyawa tana da sauran danshi, raɓa tana sauka da dare. Wutar da aka saka da yamma tana tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, ta ci nan ta tsallake can, kafin asuba ta mutu da kanta. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa komai ya bushe ƙarau, ga iska, ga zafin rana. Harshen wuta yana kai wa rassan itace, ya kashe ƙananan tsirrai, ya lalata furen kaɗanya da tutun ɗorawa, wato man kaɗe da daddawar shekarar sun tafi ke nan. Wuraren da aka ƙona da wuri su ne ke tare wannan babbar wutar, don idan ta iso ba ta tarar da abin ci. Shi ya sa hana wuta gaba ɗaya a daji mai doguwar ciyawa yake da haɗari: ana tara mata makamashi ne kawai har zuwa watan da ta fi ɓarna.

Amma a nan sai an yi hattara, kuma ina roƙonka kada a ɗauki maganar nan a kai ta inda ba ta dace ba. Wutar farko magani ce a inda ciyawar take da saiwa mai daɗewa a ƙasa, irin gamba, wadda ke sake tohowa bayan ƙuna. Tunda ka ambaci kaɗanya da ɗorawa, da alama yankinku irin wannan ne, sai dai a fita a duba da ido. Can arewa, wajen Katagum da Gamawa har zuwa cikin Nijar, yawancin ciyawar 'yar shekara ɗaya ce kamar ƙarangiya. Idan ta ƙone ba abin da zai fito sai wata damina, abincin dabbobi na wata bakwai ko takwas ya tafi a yini ɗaya. Don haka a makiyayar Tawa, Agadas, Damagaram da arewacin Maradi aikin da ake yi shi ne share dogayen hanyoyin tare wuta bayan damina. Ana biyan mutanen yankin kuɗin aiki, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta ko a sayar. Shekarar da ruwa ya yi kyau ita ce ta fi gobara a can, saboda ciyawa ta yi yawa.

Misalin da na fi so ka riƙe game da haɗin gwiwa yana arewacin Ostareliya, a wani yanki da ake kira Arnhem Land. Ƙasa ce ta ciyawa da itatuwa, mai damina da rani kamar tamu. 'Yan asalin wurin sun shafe dubban shekaru suna ƙona daji kaɗan-kaɗan a farkon rani suna tafe a ƙasa. A ƙarni na 20 yawancinsu suka bar ƙasashen kakanninsu suka koma matsugunan mishan da na gwamnati, daji ya zama ba mai kula da shi, sai manyan gobarar ƙarshen rani suka riƙa cin ƙasa makonni ba tsayawa. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin kamfanin ConocoPhillips mai masana'antar iskar gas a Darwin, da gwamnatin yankin, da majalisar da ke wakiltar masu ƙasa. Kamfanin zai riƙa biyan kimanin dalar Ostareliya miliyan 1 duk shekara har shekaru 17, su kuma ƙungiyoyi biyar na masu gadin daji 'yan asalin wurin su kula da fili mai faɗin murabba'in kilomita 28,000, su rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da tan 100,000 a shekara. Sun cika alkawarin har sun wuce.

Abin da ya sa aikin ya tsaya da ƙafarsa shi ne yadda aka raba iko. Kafin rani ana zama da taswira, dattawan kowane dangi su faɗi inda za a ƙona da inda ba za a taɓa ba. Masana suna kawo hoton tauraron ɗan'adam da jirgi mai saukar ungulu, amma ba su ke cewa a saka wuta a ƙasar wani ba. Matasa suna karɓar albashi a kan aikin, kuɗin kuma na shekaru ne masu yawa, kowa ya san zai zo baɗi. Ba ina ce maka za ku samu kuɗin hayaƙi irin nasu ba. Wannan yana bukatar fili mai girman gaske, da takardun mallaka, da awo mai tsada, kuma duk wanda ya zo muku da alkawarinsa a yau ku bi shi a hankali. Rabon ikon ne abin koyi.

To, me za ku nema? Fara da kujeru. Ardo ya zauna da kansa, kuma a tanadi yadda za a sanar da baƙin makiyaya masu wucewa ta burtali, don su ba sa cikin taron kowa. Sarkin noma, sarkin baka, masu zuma, masu gawayi, liman, da mai unguwa. Mata masu tsintar kaɗanya da masu daddawa su samu kujerarsu da bakin magana, domin su suka fi kowa asara, su kuma suka san kowace bishiya da shekarar da ta yi 'ya'ya. Kwamitin da aka cika da manoma zalla, makiyaya za su ɗauke shi kotun da aka kafa don su.

Sai babban sharaɗi, wanda nake ganin in ba shi gara a fasa. Ku nemi ma'aikatar gandun daji ta rubuta, da sa hannun hakimi da ƙaramar hukuma, abin da mutanen ƙauye za su riƙa ɗiba a gefen gandun in sun kare shi: gambar zana da ta jinka, busasshen itace, kaɗanya, ɗorawa, izinin rataya amya, da kiwo a lokacin da aka amince. Dubi Maradi. A da, lokacin da itace yake na gwamnati, manomi yakan sare tsiron da ya fito a gonarsa don kada ya jawo masa tara. Da aka sakar masa ya mallaki itacen da ya yi renonsa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana kula da shi har ya girma, ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba wanda zai tashi tsakar dare ya tari wuta saboda dajin da za a kama shi in ya shiga gobe da safe.

A ɓangaren aiki, akwai wata matsala da takardun ƙungiyoyi ba sa faɗa: lokacin wutar farko yana karo da girbin dawa. Don haka ba a saka wuta sai an share kewayen gonaki, da masussuka, da rumbuna, da rugage. Hanyar tare wuta ta kai faɗin mita 10 zuwa 15, a gicciye ta ga iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas. A cikin doguwar gamba wannan faɗin bai isa ba. A share layi biyu, a ƙona tsakaninsu da yamma lokacin da iska ta kwanta. A yi da gayya. A ware wuraren yankan ciyawa da na kiwon rani a bar su, a kuma ware inda ƙananan itatuwa ke tasowa a hana masa wuta shekaru uku ko huɗu har su fi ƙarfinta. Kada a riƙa ƙona wuri ɗaya kowace shekara. Karan gona kuma ba abin ƙonawa ba ne, taki ne da abincin dabba, kuma yana iya zama abin musaya tsakaninku da Fulani: ku ba da kara, su kwana a gona su bar kashin shanu, kamar yadda iyayenmu suka saba.

Tara tana da wurinta, a nan dattawanku za su samu abin da suke so. Bayan an sanar da ranar rufe saka wuta a masallaci da kasuwa da ruga, duk wanda ya cinna ya biya, manomi ne ko makiyayi, ɗan mai gari ne ko baƙo. Irin wannan tarar tana aiki saboda mutane da kansu suka yanka ta, kuma an riga an ba kowa lokacinsa na halal.

Ku nemi horo na gaske ga matasan da za su riƙa fita. Ba a tarar wuta ta gaba idan iska na kora ta, ta gefe ake bin ta. Tana hawa tudu da sauri fiye da yadda take sauka. Kada a sa rigar leda, kada a tafi da yara, kuma kowa ya san hanyar tsira kafin ya matsa kusa. Inda ake fargabar 'yan bindiga a cikin dajin, kada a tura kowa, a tsaya ga kare bakin gari da gonaki. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da shafin intanet mai suna FIRMS da ke nuna inda wuta ke ci kusan a ranar, kyauta ne, ɗalibi ɗaya mai waya zai iya duba muku.

A zamanku na farko da ƙungiyar, ka tambaye su shekara nawa tallafin zai yi, da abin da zai ɗauki nauyin aikin bayan sun tafi. Ku nemi a kashe kuɗin a kan abin da zai zauna: adduna, manjagara, takalma, amya ta zamani da abin hura hayaƙi don masu zuma su daina hawa da wuta, da rumbun ajiye ciyawa. Ku buɗe asusu tun bana, a riƙa zuba tara da wani kaso na kuɗin ciyawa da zuma, a karanta lissafinsa a bainar jama'a bayan kowace kaka. Wa'adin zama da ardo da ma'aikatan daji kuma ku sa shi a watan Satumba, kafin ruwa ya ɗauke, don a gama rabon wurare tun ciyawa tana kore.